Gida Mai Araha a Ƙaramin Gari: Waiwaye a kan Tarihin Matsuguni a Babura da Kewayenta

Gabatarwa

Duk lokacin da aka ta da zancen ƙarancin gidaje a ƙasar nan, Ikko ake nufi, ko Kano, ko Kaduna, ko kuma Abuja. Ƙananan garuruwa ba a cika sa su cikin lissafi ba, domin an ɗauka cewa mutumin karkara ba ya rasa makwanci. Wannan zato yana da ƙamshin gaskiya a zamanin da, amma yau ya fara tsufa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda talakan ƙaramin gari yake samun gida tun kafin zuwan Turawa har zuwa wannan zamani, tare da ɗaukar Babura a matsayin misali. Abin da nake son in nuna shi ne, arahar gida a irin wannan gari a wurare uku take: fili, da kayan gini na kusa, da kuma damar yin gini sannu a hankali gwargwadon ƙarfi. Tsare-tsaren gwamnati kuwa, tun daga na Turawa, galibinsu ƙidayar kammalallun gidaje suke yi, su bar waɗannan abubuwa uku suna tsada.

Babura tana arewa maso yammacin Jihar Jigawa. Tana maƙwabtaka da Kazaure ta yamma, da Ɗambatta ta kudu, da Sule Tankarkar ta gabas, da Ɓaure ta ƙasar Daura ta arewa, kuma Jamhuriyar Nijar ba ta da nisa daga gare ta. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum fiye da 200,000, mafi yawansu a ƙauyuka. Gunduma ce ta masarautar Kano har zuwa 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, ta koma ƙarƙashin sabuwar masarautar Ringim, alhali kuwa Kazaure da Roni da Gwiwa suna ƙarƙashin masarautar Kazaure wadda Ɗantunku ya kafa a farkon ƙarni na 19. Ƙasar Babura jigawa ce mai rairayi, saɓanin ta Kazaure da Roni inda duwatsu suke, kuma wannan bambanci ya shafi gini ƙwarai, domin ƙasar gini mai danƙo ba ko'ina ake samunta a jigawa ba.

Yadda Ake Samun Gida a Da

Kafin mulkin Turawa, kuma har bayansa da daɗewa, wanda yake son ya kafa gida wurin mai unguwa ko dagaci yake zuwa. Idan baƙo ne, wani ɗan gari ya tsaya masa. A nuna masa fili, ya kai gaisuwa gwargwadon hali, shi ke nan. Sarki ba ya ƙin talaka mai son zama, domin yawan jama'a shi ne ƙarfin gari, musamman garin bakin iyaka irin Babura, wanda yake fuskantar Damagaram a zamanin yaƙe-yaƙe. Watau dai a wancan lokaci mutum ne yake da tsada, fili kuwa araha.

Da zarar an sami fili, ba a jiran sai an tara kuɗin gida gaba ɗaya. Magidanci zai kewaye wurin da dangar kara ko zana, ya yi ɗakin jinka ɗaya, ya tare da iyalinsa. Idan kaka ta yi kyau, da rani ya kwaɓa ƙasa, ya cura tubali da hannu, ya shanya, ya kira magini ya ɗora masa ɗakin ƙasa. Baɗi ko baɗin baɗaɗa ya yi zaure. Katanga takan zo daga baya, wani lokaci ma sai ɗansa ne zai yi ta. Idan ɗa ya isa aure a yanka masa wuri a cikin gida, a yi masa ɗaki. Idan tsohuwa ta rasu ɗakinta ya zube, a mai da ƙasar cikin wani ginin. Friedrich Schwerdtfeger, wanda ya yi nazarin gidajen birnin Zariya, ya nuna yadda gidan Bahaushe yake faɗaɗa yana tsukewa tare da iyalin da ke cikinsa, kuma duk wanda ya tashi a gidan gandu ya san haka ba sai an karanta masa ba. Saboda haka tambayar "yaushe aka gama gidan nan?" ba ta da amsa a wurin Bahaushen da. Gida ba a gama shi.

Kayan ginin kuwa kusan duk a kewayen gari suke. Ƙasa daga kududdufi, wanda daga baya yake zama matarar ruwan sama, ya hana shi shiga gidaje. Kara da ciyawa daga gona da daji. Azara daga giginya, wadda gara ba ta ci, amma ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazara ta yi yawa, shi ya sa ɗakin talaka yake da ƙunci, shi ya sa kuma gwanayen magina suka ƙware wajen baka da ɗaurin guga domin su sami faɗi a sorayen sarakuna da masallatai. Makuba daga kwasfar ɗorawa ake samunta, a yi yaɓe da ita don ruwa. Mai hali ya sa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. A lura da cewa kowane ɗaya daga cikin waɗannan ragowar wata sana'a ce ta gari: marini da majemi da mai daddawa duk suna da hannu a rufin soro.

Kada mu yi wa wannan zamani kwalliyar da ba shi da ita. Ginin ƙasa yana da araha ta fuskar kuɗi, amma yana da tsada ta fuskar ƙarfi. Kowace shekara kafin damina sai an yi yaɓe, an gyara indararo, an toshe tsaga; wanda ya yi sakaci shekara biyu, ta uku sai ya kwana a waje. Ɗakin jinka kuma abincin gobara ne a lokacin hunturu. Abin da ya sa tsarin ya yi aiki shi ne, damina a wannan yanki ba ta wuce wata huɗu, sauran watannin kuwa akwai hannaye a gida, ga 'ya'yan gandu, ga aikin gayya. Ƙarfin nan na rani shi ne jarin talaka, shi ne bankinsa na ba da rancen gida.

Turawa, En'e da Kwano

Turawa sun ci Kano a 1903. Dokar ƙasa ta 1910 ta ce duk ƙasar Arewa tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa, kuma dokar 1962 ta gwamnatin Jihar Arewa ta ɗora a kan wannan tushe. A aikace, a gari irin Babura, dagaci da hakimi ne suka ci gaba da ba da fili. Dokar tsara garuruwa ta 1917 kuwa ba ta san da ƙananan garuruwa ba. Damuwarta ita ce unguwar Turawa, da tazarar yadi 440 da za a bari tsakaninta da mazaunin baƙar fata. Ko a ƙarshen zamanin En'e, lokacin da aka ɗauko masana suka zana wa Kano tsarin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, suka kuma zana wa Kaduna nata a 1967, manyan birane ne kawai suka samu.

Abin da hukuma ta gina a gundumomi, bayan an tura hakimai su zauna a ƙasashensu a zamanin Sarkin Kano Abbas, shi ne abin da mulki yake bukata: gidan hakimi, da kotun alƙali, da bariki, daga baya elementare da ɗakin shan magani da gidajen ma'aikatansu. Daga nan ne, a ganina, wata fahimta ta kafu wadda har yau ba ta sake mu ba, cewa idan gwamnati ta shiga harkar gida, to, gidan ma'aikaci za ta gina.

Canjin da ya taɓa talaka kai tsaye ta hanyar gyaɗa ya zo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma ƙasar jigawa ta arewacin Kano ta karɓi gyaɗa ƙwarai. Kuɗin gyaɗa ne ya fara ɗora kwano a kan gidajen attajirai da 'yan baranda, sauran jama'a suka bi a hankali. Kwano yana da hujjarsa: ya raba mutum da yaɓen rufi na kowace shekara, ya rage tsoron gobara. Amma yana bukatar katako daga Kudu, da ƙusa, da kafinta, kuma ba a biyan ko ɗaya daga cikinsu da dami ko da gayya. Wannan shi ne karo na farko da wani sashe na gidan talaka ya koma abin da sai da tsabar kuɗi ake samunsa. Zancen zafin ɗakin kwano a watan Afrilu kuwa, na bar wa waɗanda suka taɓa yin ƙailula a cikinsa.

Zamanin Man Fetur

A shekarun 1970 abubuwa biyu suka haɗu. A sama, kuɗin mai ya cika baitulmali. A ƙasa, farin 1972 zuwa 1974 ya karya manoma, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da ya rage. Samari suka yawaita tafiya cin rani birni, inda ake gine-gine ana biyan lada, watau hannayen da suke yin yaɓe da tubali a gida suka koma ɗaukar bulo a Kano. Giginya ta yi ƙaranci, domin ana sara ba a dasawa, ita kuwa sai ta shekara da yawa kafin ta isa azara. Marina suka yi ta mutuwa, katsi ya tafi tare da su.

Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar gina gidaje a 1973, ta mai da tsohon kamfanin ba da rancen gida na 1956 ya zama bankin tarayya a 1977. Tsarin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, ya yi alkawarin gida 202,000, amma abin da aka kammala bai kai kashi 15 cikin 100 ba. Wannan ne kuma zamanin da aka yi odar siminti ba lissafi, har ɗaruruwan jiragen ruwa suka cunkushe tashar Ikko a 1975, wani simintin ya daskare tun bai sauka ba. Siminti ya zama alamar ci gaba, ginin ƙasa ya zama alamar talauci, ko da a wurin wanda bai da kuɗin buhu goma.

Shirin da ya fi kusantar ƙananan garuruwa shi ne na Shugaba Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983. An tsara gina gida 40,000 kowace shekara, 2,000 a kowace jiha, mafi yawansu masu ɗaki ɗaya da falo domin masu ƙaramin ƙarfi, kuma an rarraba su har hedikwatocin ƙananan hukumomi. Niyyar tana da kyau, kuma ya kamata a faɗi haka. Amma abin da aka gina bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba, kuma inda aka gina ɗin an gamu da matsaloli waɗanda suka fi ƙarancin adadi muhimmanci a wurinmu. Fili a hannun gwamnonin jihohi yake, wasunsu kuma 'yan adawa ne, saboda haka a wurare da dama sai a bayan gari can aka sami wuri, ba ruwa, ba hanya, ba kasuwa. Zane ɗaya aka yi wa ƙasa duka, daga bakin teku har bakin hamada. Gidan ba zaure, ba katanga, ba tsakar gida, ba wurin ɗaure akuya ko kafa rumbu, taga tana kallon titi. Magidancin da ke da mata biyu da uwa tsohuwa, ina zai sa su? Waɗanda suka shiga irin waɗannan gidaje a ƙasar Hausa, abin da suka fara yi shi ne kewaye su da katanga da ƙara ɗakuna, watau suka mai da su gidan Hausa da kuɗin aljihunsu.

Dokar amfani da ƙasa ta Maris 1978, wadda aka cusa cikin tsarin mulki na 1979, ita ce ta fi kowane shiri tasiri, ko da yake ba ta aza tubali ko ɗaya ba. Ta sa filayen birni a hannun Gwamna, na karkara a hannun ƙaramar hukuma, ta kuma ba Gwamna ikon ayyana inda ya ga dama a matsayin birni. Ba a jinginar da fili ko sayar da shi bisa doka sai da izini. Sakamakon haka shi ne, gidan da mutum ya gada tun kaka da kakanni, wanda duk unguwa ta shaida nasa ne, ba shi da daraja a banki sai da takardar mallaka, ita kuwa takardar nan nemanta yana bukatar awo da zirga-zirga zuwa babban birnin jiha. Da aka kafa asusun gidaje na ƙasa a 1992, bayan manufar 1991 mai taken gida ga kowa kafin shekarar 2000, sai aka gina shi a kan cire kashi 2.5 cikin 100 daga albashi. Manomi da mahauci da maɗinki da mai shago ba su da albashi, ba su da takarda. An yi asusun ne ba da su ba.

Babura a Yau

Ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991 ya jawo hankalin hukuma ga Dutse, domin ma'aikatan da aka kwaso daga Kano ba su da wurin zama, kuma can aka fi zuba rukunan gidajen gwamnati. Babura ta ci gaba da girma da kanta, irin girman hedikwatar ƙaramar hukuma mai kasuwa. Amma a 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a garin, kuma wannan ya canja lissafi. Jami'a tana zuwa da malamai da ma'aikata da ɗalibai, dukkansu 'yan haya, kuma suna iya biyan abin da ɗan gari ba zai iya ba. Tana kuma zuwa da dillalan filaye, waɗanda suke riga kowa sanin inda titi zai bi. Ba sai mun je nesa neman misali ba, ga Kazaure nan da kwalejinta ta fasaha ta tarayya.

A ɓangaren kayan gini kuma, karyewar darajar naira tun daga 1986, da wadda ta biyo bayan 2023, ta nuna haɗarin dogara ga abin da ake saye daga nesa. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, alhali mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne. Watau albashin wata guda buhu uku ne, ba rodi, ba kwano, ba ladan birkila. Ga shi kuma ginin ƙasa na yanzu bai kai na da ƙarfi ba, saboda makuba da laso sun yi wuya, gwanayen magina sun ragu, an cike kududdufai an yi gini a kansu. Ambaliyar 2022, wadda ta rushe gidaje masu yawa a Jigawa, gidajen ƙasa ta fi ci. Sai talaka ya zamana tsaka mai wuya: na da ya lalace a hannunsa, na zamani ya fi ƙarfinsa.

Abin da nake tsoro ga Babura shi ne abin da Kanawa suke kira awon igiya. Mai gona ya sayar wa dillali, dillali ya ja igiya ya yanka fuloti-fuloti, ya bar lungun da ko amalanke ba ta wucewa, ba magudanar ruwa, ba filin makaranta, ba maƙabarta. Ba na zargin mai saye, domin wannan ita ce hanya ɗaya da ta rage masa wadda ta yi kama da ta kakanninsa: fili ba takarda mai yawa, gini a hankali. Amma gyaran irin wannan unguwa bayan ta cika ya ninka kuɗin tsara ta tun tana gona.

Idan tarihin nan yana da abin da zai koya wa masu tsara gari, to, shi ne su sa kuɗin hukuma inda talaka ba zai iya sa nasa ba, su bar masa abin da ya iya. Kuɗin gina gida 100 na siminti, waɗanda manyan ma'aikata za su rabe, zai shata unguwa mai fuloti ninkin haka da yawa, a fitar da tituna, a haƙa magudanai, a kai ruwa, a keɓe kududdufi da filin makaranta da na masallaci. A yi fulotan ƙanana, a karɓi kuɗinsu kashi-kashi a lokacin kaka, kada kuma a sa sharaɗin sai an yi ginin bulo cikin shekara biyu, domin wannan sharaɗi shi ne yake fitar da fili daga hannun talaka zuwa hannun mai kuɗi. A ƙyale mutum ya fara da danga da ɗaki ɗaya. Abin da ya cancanci a tilasta shi ne harsashi mai tsawo na dutse ko siminti, domin ta ƙasa ruwa yake cin ginin ƙasa, kuma ga dutse nan a ƙasar Kazaure da Roni. A kuma yarda magidanci ya fitar da ɗaki ɗaya ko biyu masu ƙofa ta waje domin haya, yadda ɗalibi zai sami wuri ba tare da ya keta cikin gida ba, kuɗin hayar kuma ya tsaya a hannun 'yan gari. Ta fuskar rufi, maƙwabtanmu na Nijar sun gwada gini ba itace tun daga 1980, inda ake rufe ɗaki da tubali kaɗai ta hanyar baka da ƙubba, kuma an koya wa magina da yawa. Ba kowa zai so shi ba, amma tafiyar ganin sa daga Babura ba ta kai ta zuwa Abuja ba.

Na san za a ce an gwada raba fili mai tituna da ruwa a wasu wurare, har da Bauchi da rancen Bankin Duniya, kuma sananniyar matsalar irin wannan shiri ita ce fulotan sukan sulale zuwa hannun masu hali. Haka ne. Maganinta shi ne a yi rabon a bainar jama'a, masu unguwanni su shaida wanda ba shi da gida, a kuma hana sayarwa har wasu shekaru. Amma akwai wata matsala da ta riga wannan, ita ce ta mai gona. Dokar 1978 ta ce idan hukuma ta karɓi fili, diyyar abin da aka shuka ko aka gina a kansa za ta biya, ba ta ƙasar kanta ba. Manomin da ke bakin gari ya san haka sarai, shi ya sa da ya ji ƙishin-ƙishin ma'auna suna tafe sai ya yi maza ya kira dillali. Muddin ba a ba shi wani kaso sananne daga cikin fulotan da za a yanka a gonarsa ba, tare da takardarsu, to, igiyar dillali za ta riga ma'aunin hukuma isa kowace gona da ke tsakanin garin Babura da harabar jami'a.